RADDI GA ƊAN TAKARAR DA KE ALƘAWARIN ABIN DA BA SHI DA IKO A KANSA



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, guguwar zaɓen 2027 ta soma kaɗawa a birnin Katsina, kuma kamar yadda aka saba, hotunan masu neman kujeru sun soma mamaye bangaye da turakun wuta tun daga Ƙofar Kwaya har Ƙofar Ƙaura. Cikin masu neman kujerar majalisar dokokin jiha akwai wani bawan Allah da takardar manufofinsa take yawo a majalisun hira na unguwarmu da wayoyin samari. Ba zan kama sunansa ko na jam'iyyarsa ba, domin babu wata jiƙaƙƙa tsakanina da shi, kuma abin da ya rubuta kusan shi ne abin da sauran abokan takararsa suke faɗa da fatar baki. Ya dai fi su da abu guda: shi ya rubuta nasa, rubutu kuwa ana iya ɗora shi a kan ma'auni.

Takardar ta tsaya a kan abubuwa uku. Game da ilimi, ya ce zai kawo ilimi kyauta, zai gina azuzuwa, zai kuma sa a ware wa ilimi kashi 26 cikin ɗari na kasafin jiha, wai kamar yadda hukumar UNESCO ta yi umarni. Game da wutar lantarki, zai kawo taransifoma kowace unguwa, da fitilun titi masu aiki da hasken rana. Game da kasafin kuɗi, zai tabbatar mazaɓarsa ta samu kasonta na ayyuka, da kekunan ɗinki ga mata da babura ga matasa. Jama'a suna ta sa masa albarka. Ni kuwa abin da na gani a cikinta shi ne mutumin da ya zo neman aikin gadin rumbu, amma bai ce uffan a kan gadi ba, sai lissafin yawan tuwon da zai raba idan makulli ya shiga hannunsa.

Mene ne aikin da yake nema?

Majalisar dokokin Jihar Katsina tana da kujeru 34, kuma Tsarin Mulkin 1999 ya fayyace aikin masu zama a kansu. Sashe na 4 ya ba su ikon yin doka. Sashe na 120 ya hana a fitar da kuɗi daga asusun jiha sai ta hanyar da tsarin mulki ko dokar majalisa ta halatta. Sashe na 121 ya wajabta wa gwamna ya kawo musu ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa kowace shekara. Sashe na 125 ya ce Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha gare su zai miƙa rahotonsa. Sashe na 128 kuma ya ba su ikon binciken kowace ma'aikata domin tono almundahana, ko sakaci, ko ɓarnar dukiya.

Ka sake duba waɗannan sassa da kyau, mai karatu. Babu inda aka ce ɗan majalisa ya ba da kwangila, ko ya gina aji, ko ya sayo taransifoma. Wannan aikin gwamna ne da kwamishinoninsa. Shi ɗan majalisa an aike shi ne ya yi doka, ya tace kasafi tun kafin a kashe, ya bi sawun kuɗin bayan an kashe. Duk takardar ɗan takararmu babu layi ɗaya da ya taɓa waɗannan ayyuka.

Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Abu Zarrin (RA), da dukkan tsoron Allahnsa da gaskiyarsa, ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi muƙami, sai aka hana shi, aka sanar da shi cewa yana da rauni, kuma muƙami amana ne da zai zamo nadama a ranar ƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinsa ba. Idan kyakkyawar niyya kaɗai ba ta wadatar da sahabi ba, ina ga wanda ko sanin iyakar amanar da yake nema bai yi ba?

Ilimi

Mu fara da alƙawarin ilimi kyauta. Tun shekarar 2004 dokar UBE ta mayar da karatun shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta kuma dole a kan kowane yaro a Nijeriya. Ashe ɗan takararmu yana yi mana alƙawarin abin da yake haƙƙinmu ne a doka fiye da shekara ashirin. Tambayar da ta dace da kujerar da yake nema ita ce: me ya sa dokar take a rubuce, amma yara suke gararamba a tasha da bakin kasuwa a lokacin da ya kamata suna aji? Ita wannan doka ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, amma jiha ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Wa zai tabbatar an sa wannan kuɗi a kasafi, an biya shi a kan lokaci, an kuma gina abin da aka ce an gina? Ɗan majalisa. A nan kuwa bakin ɗan takararmu ya mutu.

Sai batun kashi 26. Wannan adadi ya daɗe yana yawo a bakin 'yan siyasarmu har ya zama kamar ruwayar da ba a san isnadinta ba. Abin da ƙasashen duniya suka amince da shi a taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da gwamnati ke kashewa. Amma ko da an rubuta kashi 30, rubuta kuɗi a kasafi daban, sakinsu daban. Ana iya ware wa ilimi biliyoyi a watan Disamba a yi tafi, shekara ta zagayo ba a saki rabi ba. Wanda ya san aiki ba ya tsayawa a kan abin da aka ware, abin da aka saki yake tambaya, da inda ya shiga.

Game da gina azuzuwa, ban ce ba a buƙatarsu ba. Sai dai mu Katsinawa mun fi kowa sanin cewa malami shi ne makaranta. Yau babu wanda zai gaya maka faɗin zauren Wali Ɗan Marna ko na Wali Ɗan Masani, amma ga sunayensu nan raye tun ƙarni na 17. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 ginin ƙasa ce, amma daga cikinta Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito, kuma asalinta makarantar horar da malamai ce. 'Yan siyasa sun fi son gini saboda gini ana ɗaukarsa hoto, ana manna masa allo mai ɗauke da suna, kuma akwai kwangila a cikinsa. Ɗaukar malami ƙwararre, da biyansa a kan kari, da yi masa ƙarin girma, da biyan haƙƙinsa idan ya yi ritaya, ba a yanke musu ƙyalle a gaban 'yan jarida. Ina matsayin ɗan takararmu a kan malamai? A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, alhali albashin malaman firamare daga wannan kaso yake fita. Wace doka zai kawo domin kada malamin firamare ya zama shi ne zai sha wuya a tsakanin jiha da ƙaramar hukuma?

Haka kuma takardar ba ta ambaci tsaron makarantu ba, sai ka ce ba a wannan jiha aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020 ba. Ba ta ambaci tsangayu ba, alhali mun ga yadda gwamnatin tarayya ta gina makarantun almajirai fiye da 150 daga 2012, da yawansu suka lalace domin ba a tanadi wanda zai riƙe su ba. Wanda zai yi maganar ilimi a Katsina ya tsallake almajiri, ya tsallake yaron ƙauyen da tsoro ya raba da makaranta, wa ya rage masa?

Wutar lantarki

Taransifoma ba ta haifar da wuta, rarraba wadda ta iso take yi. Wanda ya manta, ya tuna watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata manyan layukan da ke kawo wa Arewa wuta, muka shafe kwana da kwanaki cikin duhu. Ga taransifomomi nan tsaye a kowace kusurwa, amma mai walda ya rufe shago, tela ya koma keken ƙafa, mai ƙanƙara ya yi asara, mai injin markaɗe ya ninka kuɗi saboda man janareta.

Bayan haka, tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, rarraba ta a Kano da Katsina da Jigawa tana hannun kamfanin KEDCO, kuma hukumar NERC ta sha nanata cewa samar da taransifoma da turaku da wayoyi nauyin kamfanin rarrabawa ne. Idan ɗan siyasa ya sayo taransifoma da kuɗin gwamnati, ma'anarsa an saya da kuɗin talaka, an miƙa wa kamfani, kamfanin ya ci gaba da karɓar kuɗin wuta daga wannan talakan, shi kuma talakan ya bi ɗan siyasa da godiya. Ya biya sau biyu, ya ƙara da addu'a.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a wannan fanni ne ɗan majalisar jiha ya samu ikon da magabatansa ba su taɓa samu ba. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar yin doka a kan samar da wuta da dakonta da rarraba ta, har a wuraren da babban layin ƙasa ya kai. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki. A 2024 jihohin Enugu da Ekiti da Ondo suka soma karɓar ragamar kula da kasuwar wuta a cikin iyakokinsu. Ma'ana, zauren da ɗan takararmu ke neman shiga yanzu wuri ne da ake iya tsara wa zai samu lasisin kafa ƙaramar tashar hasken rana a kasuwa ko a unguwa, da yadda za a kare mai gida daga kuɗin wutar ƙiyasi ba tare da mita ba, da inda zai kai kuka idan an zalunce shi, da wa zai tsayar da farashi. Mun ga yadda a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni. Irin wannan magana ce ke iya dawowa hannun jiha. An ba mutum doki da sirdi, shi kuwa yana ta alƙawarin zai aro mana jaki.

Fitilun titi kuma abin so ne, amma kowa ya ga yadda suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya idan batir ya gaji, domin an sa kuɗin saye a kasafi, ba a sa na gyara ba. Darasin kuwa ba nesa yake da mu ba. Tashar wuta mai aiki da iska ta Lambar Rimi, mai fankoki 37 da ƙarfin megawat 10, tunaninta ya samo asali tun Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah Ya ji ƙansa, yana gwamna, daga baya ta koma hannun gwamnatin tarayya, aikin ya shafe fiye da shekara goma yana jan ƙafa. Soma aiki ba wuya. Wuyar tana wajen samun wanda zai riƙa tambaya duk shekara: ina aka kwana, nawa aka kashe, nawa ya rage?

Kasafin kuɗi

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Kasafin Jihar Katsina na 2024 ya haura naira biliyan 450, na 2025 kuma ya doshi biliyan 700. Gaskiya ne darajar naira ta faɗi, amma kada mu manta daga ina ƙarin ya fito: daga aljihun ɗan acaɓa da mai Keke Napep da uwar gida da ke sayen komai da tsada. Kuɗin da aka tara da gumin talaka irin wannan, mutum ya zo ya ce matsayinsa a kansu shi ne zai karɓo mana kasonmu?

Ka yi tunanin abin da wannan magana take nufi. Wakilai 34, kowa ya karɓi kasonsa na rijiyoyin burtsatse da babura, ya koma mazaɓarsa ana yi masa kiɗa. Wa ya rage ya karanta sauran kasafin, wanda shi ne mafi yawa? Wa zai tambayi bashin da za a ciyo, da ruwan da ke kansa, da shekarun da 'ya'yanmu za su yi suna biya? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wakilin da aikin mazaɓarsa yake jiran sa hannun ɓangaren zartarwa ba zai iya ɗaga murya a gaban kwamishina ba.

Kasafi zaɓi ne, duk abin da aka sa a gaba akwai abin da aka tura baya. Ga misali a ƙofar gidanmu: gadar ƙasa ta Ƙofar Kwaya, da takwararta ta Ƙofar Ƙaura, waɗanda gwamnatin Aminu Bello Masari ta gina, Shugaba Buhari ya buɗe a watan Janairun 2023. Muna bi ta cikinsu kullum, masu yabo suna da hujjarsu, masu cewa ruwan sha da azuzuwa sun fi gaggawa su ma suna da tasu. Wurin da tsarin mulki ya tanada domin a baje irin waɗannan hujjoji a auna su, tun kafin a haƙa rami, shi ne zauren majalisa. To ina son ɗan takararmu ya gaya mana: idan gobe aka kawo masa kasafi mai ɗauke da wata gada, ga kuma makarantun da yara ke zaune a ƙasa, da wane ma'auni zai auna? Me zai yarda a jinkirta? Wanda ya yi alƙawarin komai ga kowa bai gaya mana komai ba.

Wannan kuma ba baƙon tunani ba ne a ƙasarmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littafinsa Usulus Siyasa ne domin Malam Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi. Cikin ginshiƙan da ya shimfiɗa masa akwai nisantar kwaɗayin mulki, da kusantar masu ilimi, da kula da masu sana'a irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Shekara ɗari biyu da suka wuce an riga an gaya wa mai mulkin wannan birni cewa dukiyar jama'a ana sa ta ne inda za ta raya sana'ar jama'a. A yau abin da ke raya sana'ar maƙeri da maɗinki shi ne wuta mai ɗorewa da ɗa mai ilimi. Keken ɗinkin da aka raba wa mace ɗaya cikin dubu, ta sayar da shi washegari ta sayi masara, bai raya komai ba.

Uzurin da za a kawo

Na san za a ce: Malam, ai mutane abin da suke gani suke zaɓa, wanda ya zo da maganar sashe kaza da sashe kaza ko akwatin gidansu ba zai ci ba. Akwai gaskiya a ciki, yunwa ba ta jin wa'azi. Amma wa ya koya wa jama'a haka? Tun 1999 ake raba musu atamfa da taliya, ana ɓoye musu ainihin aikin. Kuma wanda ya yi alƙawarin abin da ya san ba ya hannunsa domin a zaɓe shi, ya soma aikinsa da yaudara, saɓa alƙawari kuwa mun san cikin alamomin wa aka lissafa shi.

Za a kuma ce majalisa a aljihun gwamna take, mutum ɗaya cikin 34 ba ya iya komai. To tun 2018 aka gyara tsarin mulki domin ba majalisun jihohi 'yancin kuɗinsu, aka sake ƙarfafa gyaran a 2023. Mutum ɗaya yana iya neman a karanta rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi a fili. Yana iya ɗaukar rahoton aiwatar da kasafi, wanda jihohi ke wallafawa a intanet duk bayan wata uku, ya zo Ƙofar Kwaya ya tara mu ya fassara mana shi da Hausa. Yana iya cewa bai yarda ba, a rubuta cewa bai yarda ba. Idan kuwa ya tabbata ba zai iya ko ɗaya ba, me yake nema a can? Albashi da mota?

Nauyin da ke kanmu

Ɗan'uwa mai karatu, kada mu ɗora laifin duka a kan 'yan takara. Ƙuri'a shaida ce. Idan ka dangwala wa mutum, ka shaida cewa ya cancanci riƙe wannan amana, shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai. Sashe na 110 ya ba da damar yi wa ɗan majalisa kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, abin da ya fi ƙarfin talaka. Saboda haka tacewar tun yanzu ake yin ta, ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan ya zo majalisarku, ko masallacinku, ko wurin ɗaurin aure, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi wurin zama, sannan ku tambaye shi. Nawa aka ware wa ilimi a kasafin bana, nawa aka saki zuwa yanzu? Wace doka zai gabatar a kan wutar lantarki, me za ta canza wa mai walda da mai shago? Wane aiki ne a kasafin da ya gabata da shi ne a majalisa da bai amince da shi ba, kuma don me? Zai yi alƙawarin dawowa duk bayan wata uku ya karanta mana abin da aka kashe? Idan ya amsa, ko da amsar ba ta yi muku daɗi ba, wannan ya san aikin da yake nema. Idan kuwa ya yi murmushi ya sa hannu a aljihu, to ku sani farashinku yake lalube, kuma zai fanshe daga kuɗin makarantar 'ya'yanku.

Shi kuma ɗan takara, wannan nasiha ce daga ɗan'uwansa. Har yanzu da sauran lokaci. Ya nemi kundin tsarin mulki da kasafin jiha ya zauna ya karanta, ya sake rubuta takardarsa a kan abin da kujerar take iya yi. Idan ya yi haka, ni ne farkon wanda zai yaɗa ta a wannan shafi.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya zaɓa mana shugabanni masu tsoronSa masu tausayinmu, Ya zaunar da Jihar Katsina da Nijeriya lafiya. Amin.